Lakkwal, madarasa ko allo: ina za mu kai ɗiyanmu bana?



Daren Talatar da ta wuce, cikin shirin da nake gabatarwa a rediyo inda masu saurare ke bugo waya, wata hajiya mai saida kayan miya a Kasuwar Tol ta nan Agadas ta yi mini tambayar da ta hana ni barci. Ta ce shekara 4 ke nan tana biya ma ɗanta lakkwal ta kuɗi, wadda muke ce ma pribe, bana zai shiga aji CM1, kuma kowane ƙarshen zango bilitan ɗinshi cike yake da yabo. Rannan aka kawo mata takarda daga meri kan maganar patanti, ta miƙa mishi da alfahari gaban maƙwabtanta na rumfa, yaro ya yi ta juya takarda, ya haɗa baƙi biyu uku ya tsaya. Ɗiyar mai tebur na kusa da ita, wadda ke madarasar gomnati, ita ta karɓa ta karanta, ta fassara. Sai Hajiya ta ce mini: «Ɗana, kai da ka yi boko, gaya mini gaskiya, kuɗina ne suka yi kaɗan ko yaron ne ba shi da kai?»

Na ba ta amsar da ba ta gamsar da ni kaina ba, domin lokaci ya ƙure kuma layi cike yake da masu jira. Shi ya sa na ɗauko alƙalami, tunda rantire ta matso, kuma na san a kowace rumfa ana wannan shawara: gomnati ko pribe, madarasa ko allo, ko kuwa a bar yaro ya kama sana'a.

Bari in fara da makarantar allo, don ita muka tarar. Garin nan ba baƙon karatu ba ne. Tun kafin Nasara ya san hanyar Abzin, malamai ke zuwa nan ɗaukar ilimi, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kanshi ya tako har Agadas wajen malaminshi, Malam Jibrilu ɗan Umaru. Saboda haka duk ɗan bokon da ke yi ma allo kallon raini bai san tarihin garinsu ba. Akwai wani abu guda a tsarin allo wanda na daɗe ina tunani a kanshi: yaro ba ya wanke allonshi sai ya biya karatun gaban malam, an tabbata ya zauna. Yara 40 na zaune a zaure guda amma kowa da inda yake, wani yana babbaƙu, wani farfaru, wani ya kai izu 10, ba a jan mai rauni a guje don a kamo mai kaifi. A lakkwal kuwa wata ne ke ciyar da yaro gaba. In Yuni ta yi, aji ya tashi gaba ɗaya, wanda ya gane da wanda bai gane ba, kamar a loda buhunan albasa a mota ba a ware ruɓaɓɓiya ba. Sannan malamin allo maƙwabcinki ne, kina ganinshi kullum, kina aika mishi kuɗin Laraba, in kin ga yaro ya tsaya kina iya tare shi a ƙofar masallaci ko ki tura maigida. Mutum nawa ne cikinku suka san sunan mushen ɗansu?

To amma allo bai ce zai koya ma yaro karanta takardar meri ba, ko cika takardun duwan, ko rubuta bashi cikin kaye. Ba aikinshi ba ne, kuma bai yaudari kowa ba. Abin da ba na goyon baya shi ne a ɗauki yaro ɗan shekara 7 a danƙa ma malamin da zai tafi da shi wani gari, ya yini da tasa a tasha yana bara. Karatun Alƙur'ani daban, bara daban. Allon unguwa, da asuba ko bayan la'asar, yaro yana kwana ɗakin uwarshi, ban ga abin da zai hana a haɗa shi da kowace irin lakkwal ba. Ni ma haka aka yi mini.

Lakkwal ta gomnati ita ta rene ni tun daga CI har na samu Bak, don haka in na faɗi aibinta ba gori ba ne. Kowa ya san cunkoso, kowa ya san ajin zana wanda ba a iya kafawa sai damina ta ɗauke, sai ka ga an ce an koma karatu a Oktoba amma yara ba su zauna sosai ba sai Nuwamba ta yi nisa. A 2021 ajin zana ya ci wuta a unguwar Pays-Bas ta Yamai cikin Afirilu, ya sake ci a Maraɗi cikin Nuwamba, yara sama da 40 suka rasu a gobarar biyu, Allah ya jiƙansu. Sai maganar malamai. Daga 2003, lokacin shirin shekara 10 na bunƙasa ilimi da ake kira PDDE, an buɗe lakkwal birjik a birni da ƙauye, wannan alheri ne, amma aka cika su da malaman kwantaragi masu ƙaramin albashi, wanda kuma sau da yawa yakan makara. Malamin da wata ya mutu bai ga kuɗi ba, ko dai ya tafi yajin aiki ko ya zo aji zuciyarshi na wajen mai shagon da ke bin shi bashin shinkafa, kuma ku kun fi kowa sanin wannan, tunda ku ke bin bashin. A 2017 gomnati ta yi ma malaman kwantaragi jarrabawa a faɗin ƙasa, kimanin kashi 1 cikin 3 ne kawai suka samu rabin maki. Wani awo na ƙasashe masu magana da Faransanci da ake kira PASEC ya nuna a 2014 cewa cikin yaran Nijar 10 da ke gama firamare, ko 1 bai cika ba wanda ya iya karatu yadda ya kamata. A 2019 abin ya ɗan gyaru, ya kai wajen 3 cikin 10. Ke nan Hajiya, ɗanki ba shi kaɗai ba ne, kuma ba rashin kai ba ne.

Duk da haka ba zan ce a guje ta ba. A cikin lakkwal ta gomnati ne ake samun tsofaffin malaman da suka bi ta makarantar horon malamai, suka shekara 20 suna koyar da CI, waɗanda suka san yadda ake buɗe bakin yaro. Da yawa daga likitoci da injiniyoyin garin nan ɗiyan talakawa ne da suka bi ta Lise Tagama ba a biya musu ko dala ba. Lakkwal ta gomnati kamar rijiyar unguwa take: in masu ɗiba sun kula da ita ta yi ruwa, in kowa ya ce ta gomnati ce sai ta cika da shara.

Yanzu ga pribe, inda kuɗinku ke tafiya. Ku lura da abin da kuke saye a can. Abu na farko kuma mafi tsada shi ne lokaci: ba yajin aiki, mushe na zuwa da ƙarfe 8 don in bai zo ba mai makaranta zai yanke mishi, aji na gini ne, ana fara karatu ranar da aka ce. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma akwai pribe na ƙwarai a garin nan waɗanda suka cancanci kuɗinsu. Amma ku ƴan kasuwa ne, bai kamata a yi muku wayon kasuwa ba. Mai pribe ɗan kasuwa ne kamar ku, ku ne abokan cinikinshi, kuma wane ɗan kasuwa ne zai ce ma mai saye hajarshi ba ta yi kyau ba? In ya rubuta a bilitan cewa yaro bai iya ba, ya maimaita aji, ya san uwa za ta fusata ta ɗauke ɗanta ta kai ma na gaba. Don haka wasu sai su ba da maki yadda mai nama ke ba da gyara, don a dawo gobe. Wasu kuma malamin da suka ɗauka saurayi ne da ya faɗi Bak, bai taɓa koyon koyarwa ba, ana biyanshi abin da bai kai na ɗan kwantaragi ba. Teni mai kyau da fenti a bango da suna mai nauyi a bisa ƙofa ba su ke karantar da yaro ba. A matakin kwaleji da lise ma, sau da yawa malamin da ke koyarwa a pribe shi ne dai na gomnati, ya fito can ya shigo nan.

Abin da ya ƙara ɓoye wannan ciwo shi ne kimanin shekara 10 da aka yi babu jarrabawar sartifika a ƙarshen CM2. A zamaninmu ita ce sikelin da ba na mai kaya ba: takarda daga waje take zuwa, masu gyara ba su san ɗan wane ba ne. Da aka ɗauke ta, kowace makaranta ta zama ita ke auna kayanta da mudunta. An maido da ita a 2024, kuma ni ina cikin waɗanda suka yi murna, ko da yake na san kukan da ta jawo a gidaje.

Madarasa, wato faranko-arab, mutane da yawa suna ɗaukarta kamar Islamiyya ce kawai, alhali ba haka ba ne. Ta farko an buɗe ta a Sayi tun 1957, kafin mulkin kai. Ana koyar da lissafi da Faransanci kamar kowace lakkwal, a ƙara da Larabci da addini, tana da jarrabawarta da gomnati ta yarda da ita har zuwa Bak, kuma akwai Jami'ar Musulunci ta Sayi da ta fara aiki a 1986. Ga mutanen Agadas da rabin hajarsu daga Tamanrasat da Sabha take zuwa, yaron da ya iya karanta Larabci a kan kwali da takardar kaya ba asara ya yi ba. Na kuma lura iyaye maza da ke ƙin sa ɗiya mace lakkwal sukan sassauta in aka ce madarasa ce. Nauyinta shi ne yaro ɗan shekara 7 yana ɗaukar baƙin harsuna biyu lokaci guda, ɗaya daga hagu ɗaya daga dama, in malaman ba ƙwararru ba ne sai ya fito bai kama ko ɗaya ba. Ita ma akwai ta gomnati akwai ta kuɗi, kuma duk abin da na faɗa kan pribe ya hau ta kuɗin.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi so mu tsaya a kai, wato harshen da ake karantarwa da shi. Ki ɗauki ɗiyarki mai shekara 9 da ke taya ki zaman tebur. Mai saye ya ɗauki kayan dala 75 ya ba da jikka guda, kafin ki buɗe baki ta ce canjinshi dala 125. Ba ta taɓa alli ba. Gobe a aji mushe ya rubuta 1000 a cire 375 da Faransanci, ta yi zuru, a ba ta sifiri, a ce ba ta iya lissafi ba. Lissafin guda ne fa! Abin da ba ta iya ba shi ne harshen da aka yi tambayar, da ƙirgan tamma maimakon dala. Ina tuna lokacin da muke firamare ana rataya ma wanda ya yi Hausa ko Tamajak a aji wani abu da ake kira sambol, mu yini muna gadin bakin juna. Abin da muka koya daga nan shi ne yin shiru, kuma na san abokaina masu kaifin kai da shirun nan ya kora gida.

Ƙasar nan ta san maganin tun da daɗewa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a unguwar Zengu ta Damagaram, inda yaro ke fara karatu da rubutu da Hausa sannan a shigo mishi da Faransanci sannu a hankali, daga baya aka yi irinta da Zabarmanci, Fillanci, Barbarci da Tamajak. Masu binciken da suka auna yaran sun same su gaba da takwarorinsu a fahimtar karatu. Amma shekara da shekaru abin ya tsaya a gwaji, littattafai ba su wadata ba, manya ba su sa nasu ɗiyan ba, talaka kuma da ya ga haka ya ce ashe lakkwal ta ƴan rabbana ka wadata mu ce, ya janye nashi. Ba na ganin laifinshi. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Madalla. Sai dai doka a takarda ba ta koyar da yaro, sai an horar da malami an buga littafi. Kuma mu a jahar Agadas dole mu faɗi wata gaskiya: yaron Timiya ko Iferwan da ya tashi da Tamajak, ko na Kawar da ya tashi da Barbarci ko Tubanci, in aka fara mishi da Hausa ranar farko an canza mishi kaya ne ba a sauke mishi ba. Kowa a fara mishi da abin da ya sha a nono. Ɗiyan makiyaya kuwa, tun zamanin lakkwal ta makiyaya ta Azel inda marigayi Mano Dayak ya fara karatu, an san ba su zama sai da kantin, wato abinci da wurin kwana, domin iyayensu na bin ciyawa.

Na san abin da wasu alhazai ke cewa, don suna faɗa mini a rumfar mai shayi: wane ya yi Bak, ga shi yana kabu-kabu, ɗan wane bai gama kwaleji ba ya tafi zinariya ya dawo da Hilux. Gaskiya ne, ba zan musa ba. Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakatan a 2014, azuzuwan kwaleji sun yi asarar samari da yawa. Amma ana ganin wanda ya dawo da mota, ba a ƙirga waɗanda suka dawo da tari da bashi, balle waɗanda rami ya rufe. Ku dubi abin da idona ya gani a ƴan shekaruna: yawon buɗe ido ya ciyar da maƙeran azurfa da dukawa da direbobi, ya faɗi tun daga tawayen 2007. Jigilar matafiya zuwa Libiya ta kawo kuɗi, dokar 2015 ta tsaida ita, motoci suka cika hannun hukuma, sai a Nuwamban 2023 aka soke dokar. An rufe Jado a 2017. Kamfanin Cominak na Arlit ya rufe a Maris 2021. Duk lokacin da wata ƙofa ta rufe, na ga wanda ya iya karatu da lissafi ya fi saurin samun wata. Ba kowane yaro ne zai kai jami'a ba, ko da yake muna da tamu a nan tun 2014, ga kuma makarantar ma'adinai ta EMAIR. Yaron da hannunshi ya fi bakinshi, in ya gama CM2 ya iya karatu, a kai shi cibiyar koyon sana'a ko garejin amintaccen maigida, ya koyi kanikanci, walda, gyaran salula ko harhaɗa faifan rana da masu garka ke nema don jan ruwa. Amma a bari ya iya karatun tukuna, domin makanikin yau sai ya karanta lambar fiyas.

Iyayena mata, ku yi mini haƙuri da abin da zan faɗa. Mafi yawan ƴan matan da nake gani da tire a ka da hantsi, lokacin da ya kamata suna aji, ba uba ne ya tura su ba. Na san dalili, ribar tallan ita ce cefane, ita ce kayan ɗaki. Tun Disamban 2017 akwai dokar da ta ce a riƙe ɗiya mace a makaranta har shekara 16, amma ba jandarma ne zai tsare wannan ba, ku ne. Wadda ta karanta ma Hajiya takarda a kasuwa ɗiya mace ce. A bar talla zuwa bayan an tashi, ko ranar da babu lakkwal.

To ina za a kai yaro? Ni ban da sunan makarantar da zan ba ku, kuma ba a biya ni in yi ma kowa talla ba. Abin da na sani shi ne ba ku taɓa sayen buhun gero ba ku soka hannu har ƙasa ba. Kafin ku biya kashin farko, ku je da kanku da safe ba tare da sanarwa ba, ku leƙa ajin da yaro zai zauna, ku ƙirga kawuna. Ku tambayi darakta ko mushen ajin ya bi ta makarantar horon malamai, da shekara nawa yake riƙe da wannan aji. In an ce muku kowa ya ci sartifika ko birbe bara, ku tambaya yara nawa ke cikin ajin, nawa aka kai jarrabawar, don akwai masu ware raunana gefe saboda sakamako ya yi kyau. Ku buɗe kayen yaro, ko ba ku iya karatu ba kuna ganin jan bik na gyara, kuna ganin ko shafi na ƙaruwa. Duk wata ku miƙa mishi takardar da bai taɓa gani ba, ko kwalin magani ko saƙon salula, ya karanta ya faɗa muku da Hausa abin da ta ce, don wanda ya hardace kayenshi kamar aku zai iya ruɗin ku. In yaranku na gomnati, ku shiga kwamitin Kojes, ku tambayi inda kuɗin da kuke tarawa ke tafiya. Mutanen da ke iya riƙe asusun adashi na shekara ba a rasa dala ba, ba za su kasa duba asusun lakkwal ba.

Hajiya ta sake bugowa jiya bayan an rufe shiri. Na ce mata kar ta yi gaggawar cire yaron, kuma kar ta doke shi. Ta fara zuwa ta zauna da mushenshi, ta nemi a gwada shi gabanta da littafin CE1, in ya kasa ta roƙa da bakinta a maida shi baya ko da abokanshi za su yi dariya, in makarantar ta ƙi sannan ta nemi wata. Ta ce rufe rumfa da safiyar Litinin asarar ciniki ce babba, don ranar motocin Tabelot ke sauke mata kaya. Muka tsaya kan Talata, ƙanwarta za ta zauna mata.